Wa ya ga ungulu a bana?

Da na je gida hutun babbar salla, abin da ya fara tarbata a bakin gari, dab da inda motocin kasuwa ke juyawa, mushen saniya ne. An ce wani makiyayi ne ya biyo da garkensa, ita wannan ta kwanta ta ƙi tashi, kafin a nemo wuƙa rai ya yi halinsa. Ranar Talata na gan ta. Ranar Litinin da zan dawo tana nan inda take, cikin ya kumbura ya fashe, ƙudaje sun yi mata rumfa, karnuka uku suna ja-in-ja da hanjinta har bakin kwalta. 'Yan acaɓa in sun zo wucewa sai su cire hula su toshe hanci. Mai shayin da ya shekara goma a wurin ya kwashe teburinsa ya koma can gindin darbejiya. Na ɗaga kai na duba sama, fes take, in ban da hankaki biyu da suka zauna kan turken lantarki suna jiran karnuka su gaji.

Da a zamanin ƙuruciyarmu ne, saniyar nan ba za ta kwana biyu ba. Kafin hantsi za ka ga ɗigo ɗaya baƙi a can ƙololuwa yana kewaya, kafin azahar sun zama ashirin, zuwa la'asar sai ƙashi da fata. Ba wanda ya kira su, ba wanda ya sallame su da ko sisi.

Mayankar garinmu a bayan kasuwa take, kuma a da akwai wani ƙaton rimi a gefenta. Kullum da safe innata kan ba ni kwanon sha da 'yan kuɗi a ƙulle a bakin zane ta ce in sayo kayan ciki. Ungulaye a wurin nan kamar kajin gida suke. Suna tafiya tsakanin ƙafafun mahauta da wannan tafiyar tasu ta tsalle-tsalle, wuya a tanƙwashe, kai ja jawur in sun ga nama. Mahauci zai yanke abin da ba ya so ya cilla ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya san ba zai taɓa ƙasa ya daɗe ba. Mu yara jifarsu muke yi, muna yi musu dariyar sanƙo, su kuwa sai su ɗan matsa taku uku su dawo. Ban taɓa jin wani ya ce yana son ungulu ba. Ban kuma taɓa tunanin za a wayi gari babu ita ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin za a wayi gari babu ƙadangare.

A wannan zuwan na je gaida wani tsohon mahauci, abokin mahaifina, wanda yanzu ƙafa ta hana shi fita. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wai ina ungulayen mayanka suka tafi?" Ya yi shiru ya ce, "Ɗan nan, ai ba tafiya suka yi ba, sayar da su aka yi." Ya ce wasu baƙi ne suka riƙa zuwa ranar kasuwa, su sayi huhu su barbaɗa masa garin taba ko wani magani, su ajiye bayan mayanka. Tsuntsu ya ci ya bugu, sai a ɗauke shi kamar kaza a jefa a buhu. Ya ce da farko dariya suke yi wa mutanen, wa zai ba da kuɗinsa a kan ungulu? Daga baya yaran mahauta da kansu suka shiga kamawa, tunda kuɗin kai ɗaya ya fi abin da yaro zai samu a wankin tumbi na mako. Rimin kuma an sare shi an yi katako.

Abin da Baba ya gani a mayanka ɗaya, masu bincike sun gan shi a ƙasashe. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai. Manyan ungulaye na daji, irin su maiki, ya tarar sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandun dajin da ake tsaro, ungulun gari kuma kusan rabi ta tafi. Wannan fa ƙirgar fiye da shekara ashirin da suka wuce ce. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya ungulun nan tamu ta mayanka, tare da wasu 'yan uwanta uku na Afirka, a matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Wani babban nazari da ya fito a daidai wannan lokacin ya duba dubban ungulayen da aka samu a mace a nahiyar, ya ce kusan kashi 60 guba ce ta kashe su, kusan kashi 30 kuma cinikin sassan jikinsu ne don magani da tsibbu.

Dalilin da ya sa ɓarnar ta yi saurin kama su yana cikin yadda Allah ya tsara haihuwarsu. Zabuwa takan zuba ƙwai da yawa a damina ɗaya, in aka kwashe ta sake. Ungulu ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Ta kwanta a kansa kusan kwana hamsin, ɗan ya yi watanni a sheƙa ana ciyar da shi, sa'an nan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya isa haihuwa. Wanda ya kwashe ungulu talatin da huhu ɗaya a safiya ɗaya ya shafe aikin shekaru masu yawa. Ga shi kuma har ƙwan ake hawa bishiya a ɗauko, domin shi ma yana da masu nemansa.

Su wa ke saye? A nan ne maganar take ɗaci. Duk wanda ya san kasuwanninmu ya san layin 'yan shimfiɗa, inda ake baje fatar damo da ƙayar bushiya da kan mujiya da busasshiyar hawainiya. A nan ake sayar da kan ungulu da ƙafarta da gashinta. Wai tunda tana hango mushe daga nesa, wanda aka haɗa masa magani da kanta zai hango abin da ke ɓoye: ɗan caca ya ga lambar da za ta fito, ɗan kasuwa ya ga inda riba take, ɗan takara ya ga bayan abokin hamayyarsa. Talaka mai neman na cefane ba shi ke biyan wannan kuɗi ba. Masu biya su ne masu manyan riguna da ke aika direba da dare, waɗanda gobe za ka gan su a sahun gaba ranar Juma'a. Kasuwar ta yi ƙarfin da ungulayen Nijeriya ba su ishe ta ba, sai da aka shiga Nijar da Chadi da Kamaru ana nemowa. Wata ungulu fara da masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara lafiya, ta zo kudancin Nijar, a 2014 wani maharbi ya kashe ta domin kasuwar Nijeriya. A 2020 kuma a Guinea Bissau aka tsinci gawar ungulaye sama da 2,000 da aka sa wa guba cikin 'yan makonni, da yawa an yanke kawunansu.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne wautar lissafin. Tsuntsun da bai hango gubar da aka barbaɗa masa a huhu ba, shi ne zai hango maka sakamakon zaɓe? Kuma ta fuskar addini maganar ba ta da wani lungu. Yaran islamiyya ma sun haddace cewa wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Mun sha jin wa'azi a kan tsawon wando da kiɗan biki, amma ni dai ban taɓa zama a masallacin da liman ya ambaci layin 'yan shimfiɗa ba, alhali yana bayan masallacin kasuwa da taku kaɗan.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a fuska. Wani abokina da na kawo masa zancen ya ce, "Malam, mutane na kwana da yunwa, 'yan bindiga sun hana noma, kai kuma kana kukan ungulu?" Ban ga laifinsa ba. Amma ina so a dubi abin da ya faru a Indiya, ƙasar da ta fi mu shanu nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan mutanenta ba sa cin naman saniya, don haka in ta mutu a fili ake barinta. Ungulaye miliyoyi ne ke share musu wannan mushe. A shekarun 1990 makiyaya suka fara yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jikin nan da ake sayarwa a kowane kemis a nan ma. Ga saniya magani ne, ga ungulun da ta ci mushenta kuwa guba ce mai kashe ƙoda cikin 'yan kwanaki. Cikin shekara goma sha wani abu wasu irin ungulayen suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin a kan dabbobi, bayan aikin gama ya gama.

Mushe bai daina faɗuwa ba don ungulu ta ƙare. Karnukan da ba su da masu su suka gaje abincin, suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Abin da karnuka suka bari ya ruɓe ya gangara cikin ruwan da mutane ke sha. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu suka fitar da nazarin da ya kwatanta gundumomin da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita, suka ƙiyasta cewa rashin tsuntsun ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ko mutum ya ce ƙiyasi ne ya raba shi biyu, abin da ya rage ya fi ƙarfin a kira shi kukan tsuntsu.

Sirrin yana cikin tumbinta. Ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke narka ƙwayoyin cutar da za su kashe kare ko mutum, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. Cuta in ta shiga cikin ungulu, yawanci nan ne ƙarshen tafiyarta. Kare kuwa ya ci mushe da rana, da dare ya dawo gida ya sa baki a kwanon da yara ke wasa da shi. A Kenya an gwada: aka ajiye mushe inda ungulu za ta iya sauka da inda aka hana ta, wanda ba ta taɓa ba ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobin da suka yi cincirindo a kansa suna gogayya da juna kuma suka ƙaru. Mu da aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, mu da asibitocinmu na karkara allurar cizon kare ke wuyar samu, bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba. Shekara da shekaru muna kallon ungulu muna cewa ƙazama, ashe ita ce duba-garin da ba ta karɓar albashi ba ta kuma karɓar na goro.

Gaskiya ba duka laifin masu tsibbu ba ne, kuma ba na son in yi kamar haka ne. Mayankar yau ba ta zubar da komai. Jini ana tara shi a dafa a shanya don abincin kaji, ƙashi da ƙaho suna da dillalansu, fatar da a da ake jima yanzu ganda ce, abin da ake cilla wa ungulu jiya yau wani ne zai saya ya kai gida. Talauci ya sa mun shiga rabon tsuntsu. Manyan itatuwan da take sheƙa a kai, rimi da maɗaci da kuka da giginya, sun tafi gidan burodi da wurin masu gawayi. Akwai kuma makiyayin da kura ko karnuka suka kashe masa maraƙi, ya ɗauko maganin ƙwari na gona ya zuba a sauran naman don ya rama. Kurar wataƙila ba ta dawo ba, amma duk tsuntsun da ya sauka ya mutu. A Botswana a 2019 ungulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da mafarauta suka sa wa guba da gangan, saboda jewar tsuntsayen a sama ita ke nuna wa masu gadin daji inda aka yi ɓarna. Ungulu ba ki jewar banza, in ji Bahaushe, su ma ɓarayin hauren giwa sun san haka.

Inda nake da ja da hukumominmu shi ne yadda suka fahimci kare namun daji. In aka ce kare dabbobi, tunaninsu Yankari: giwa, ɓauna, ruwan Wikki, ɗakunan baƙi, hoton gwamna a motar zagaya daji. Ina son Yankari, na yi wanka a Wikki har yatsuna suka yi yaushi, kuma giwayen da suka rage a can sun cancanci duk wani tsaro. Amma an mayar da abin kamar harkar yawon buɗe ido kawai, wato dabba tana da daraja in Bature zai biya kuɗi ya ɗauki hotonta. Ungulun gari ba ta zama a gandun daji. Gidanta kasuwa da mayanka da juji, a tsakiyar mutane, inda babu mai gadi da bindiga. Ba wanda zai hau mota daga Abuja ya zo kallonta. Saboda haka ta faɗa tsakanin ma'aikatu: masu kula da daji suna ganin ba ta cikin dajinsu, masu kula da lafiya da tsabtar gari kuma ba su taɓa sa ta cikin ma'aikatansu ba. A ganina a teburin na biyun ya kamata takardarta ta kasance, kusa da ta kwashe shara da ta rigakafin karnuka.

Doka kam akwai. Tun 1985 Nijeriya take da dokar hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Amma kan ungulu a fili ake baje shi, rana tsaka, ɗan sanda na wucewa, mai karɓar harajin kasuwa ma har rasit yake yanka wa mai shimfiɗar. Ban sa rai wani jami'i daga babban birni zai gyara wannan ba. Waɗanda za su iya suna nan kusa. In Sarkin Fawa ya ce daga yau duk yaron da aka kama ya ajiye wa ungulu nama mai magani ya bar mayanka, an gama, domin mahauta suna jin maganar sarkinsu fiye da ta kowace hukuma. Sarkin Kasuwa ya san kowane mai shimfiɗa da sunansa da garinsu. Mai unguwa ya san wanda ya sayar da rimin bakin rafi. Masu maganin gargajiya na gaskiya, masu sassaƙe da saiwa, su ma suna da ƙungiyoyinsu, kuma gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta yi zama da wasunsu a kan su bar sassan ungulu su koma ga itatuwa. Wannan hanya ta fi kama da mu. Likitocin dabbobi kuma su sa ido a kan allurar da ake sayarwa a kasuwannin shanu a kan tabarma, tunda akwai meloxicam da aka tabbatar ba ya cutar da ungulu, kada mu ƙara gubar Indiya a kan tamu.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafin masana. Harshenmu cike yake da tsuntsun nan. Muna cewa an yi mana ungulu da kan zabo. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Muna cewa in ungulu ta biya buƙata, zabuwa ta tafi da zanenta. Ɗiyar ƙanwata, 'yar aji biyar, ta kawo mini aikin gida na karin magana ta ce, "Kawu, ita ungulun nan kamar shaho take ko kamar agwagwa?" A garin mahauta aka haife ta, gidansu ba shi da nisa da mayanka. Sai da na ciro waya na nemo mata hoto a intanet, ta duba ta yamutsa fuska ta ce, "Tab, mummuna ce." Na ce haka mu ma muka ce.

Har yanzu ba a makara gaba ɗaya ba. A wasu garuruwan Gana da Gambiya da Guinea Bissau ungulu na nan tana sauka a kasuwa, a duwatsun Nijar kuma maiki na sheƙa, wannan tsuntsun da a 1973 ɗaya daga cikinsu ya yi karo da jirgin sama a samaniyar Abidjan a tsayin da ya haura mita 11,000. Tsuntsu mai irin wannan fiffike ba ya sanin iyakar ƙasa. In ya sami gari mai dogon itace da abincin da ba guba, zai sauka. Abin da ake nema a wurinmu kaɗan ne, mu daina saye, mu daina sa guba a mushe, mu bar sauran manyan itatuwan da suka tsira a tsaye.

Bayan na dawo da kwana uku ƙanena ya kira ni a waya. Ya ce warin saniyar ya kai har masallacin bakin tasha, samarin unguwa suka yi karo-karo suka sayi fetur lita biyu, suka roƙi tsofaffin tayoyi huɗu a wurin mai faci, suka banka mata wuta bayan magariba. Hayaƙin ya kwana a kan gari, da safe yara biyu a gidanmu suka tashi da tari. Ɗaya daga cikin karnukan nan kuma ya ciji wani almajiri a ƙafa, an kai shi asibitin ƙaramar hukuma an ce allurar ta ƙare, sai dai a tafi birni. Mai shayi bai dawo da teburinsa ba tukuna, ya ce sai an yi ruwa biyu ko uku ƙasar wurin ta wanke.